Jar Mota da Gonar Kamarawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa gare ka, Na-Iya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa lokacin da ka ci karo da wannan takarda a ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙulin da ke cikin jakarka, ƙafarka ta riga ta taka gidan kawunka Isiya a Abuja lafiya. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da masu alheri a kowace tasha, Ya kau da idon mugu daga kanka.

Ka san ba na iya zama in yi magana da kai. Kai ne ɗan farina, kuma a wurinmu uwa ba ta kallon ɗan fari ido cikin ido, ba ta kiran sunansa. Kana barin nono aka miƙa ka ɗakin kakarka Iya, Allah Ya ji ƙanta, tun daga nan nake ce maka Na-Iya. Jiya da kake ɗaure kayanka a tsakar gida, ina bakin murhu ina ta goge tukunyar da na riga na goge, ina satar kallon ƙeyarka. Abin da bakina ya kasa, bari hannuna ya gwada.

Ƙanwarka Rabi ta kawo mini saƙonka. Ta ce kana so a sayar da gonar Kamarawa, wadda Iya ta ba ka kyauta tun tana da rai, ka sayi wata mota mai gudu da ta taɓa yin hatsari, ka gyara ta da hannunka a garejin kawunka. Ranar Asabar ka shiga tsere da ita a filin da samari suke yi a bayan gari, sauran ranaku ka yi zirga-zirgarka, in Sallah ta zo ka tuƙo ta har Unguwar Lalle mu gani. Ta ce da ka sami babanka da maganar, sai ya ce, "Tahi ka tambayi innarka, ita tas san mota." Ka ɗauka ba'a yake yi. Da gaske yake. Za ni ba ka amsa, amma sai ka fara jin yadda aka yi na san motar.

Kuskurena na farko a littafi na samo shi. Har yau ka san halina, in na gama tuwo sai in jingina da bango in buɗe littafi, har Iya ta laƙaba mini Mai Littafi. Da nake sabuwar amarya abin ya fi haka. Akwai wata mata a bayan kasuwar Sabon Birni da take ba da hayar littattafan soyayya, babanka yana karɓo mini duk ranar kasuwa. A cikinsu kowane saurayi da motarsa, ja ko baƙa, tana sheƙi, ta tsaya a ƙofar gida ƙamshi ya riga mai ita fitowa. Na karanta da yawa, babu wanda ya taɓa faɗin irin hanyar da motar ta bi kafin ta iso ƙofar. Ni ma ban taɓa tambaya ba.

A lokacin babanka yana fatauci tsakanin kasuwanninmu da Maraɗi. Yakan kai gero da wake, ya dawo da dabino da sabulu da atamfa. Ya daɗe yana tara abin sayen a-kori-kura, don ya huta da jiran motocin mutane. Kana ɗan shekara biyu ya shirya tafiya Kwatano. Yana saka hula ya juyo ya ce, "Amarya, mi za ni riƙo miki?"

Turare yake nufi, ko zane. Ni kuwa na aje tsintsiya na zayyana masa motar da ke kaina. Ja, gajera, mai ƙofa biyu, wadda in an taka ta sai dai a ga bayanta. Ya yi dariya har yana riƙe ciki, ya ce, "To, buhunan gero hwa? Bisa cinyarki za a aza su?" Na ce ni dai na faɗi abin da nake so. Na juya masa baya, na ƙi yi masa rakiya zuwa zaure, kamar yadda na ga 'yan matan littafi suna yi.

Babanka yaro ne a lokacin, bai fi shekarunka na yanzu da yawa ba, kuma yana so na. Ya je ya ga irinta a cikin motocin da aka sauke daga jirgi, ya tsaya a kanta, ya zuba mata kuɗin a-kori-kurar.

Shawarata a nan gajera ce. Duk abin da ka gani a waya ya shiga ranka, ka tambayi kanka wa aka ƙera wa shi, kuma a wace ƙasa yake taka ƙafa. Masu ɗaukar hoton da kake kallo, inda ya yi kyau suke nuna maka, kamar yadda masu littafina suka yi mini.

Amma ba za ni yi maka ƙarya ba, don in na ɓoye daɗin ba za ka yarda da sauran maganata ba. Ta Nijar ya biyo da ita. Ya aiko in same shi a Maraɗi, inda ake bikin 'yar gwaggonsa, na bar ka wurin Iya na tafi. Bayan la'asar ya zo ƙofar gidan biki, yara suka yanyame motar. Na sunkuya na shiga, kujerar ta rungume ni kamar an auna ta da jikina. Muka fita daga gari muka hau kwalta, miƙaƙƙiya, babu rami babu tanƙwara, sai gonaki hagu da dama. Ya ce, "Riƙe da kyau." Ya taka.

Na-Iya, wani abu ya danna ni cikin kujera. Ƙarar injin ta tashi daga ƙasa ta bi ta ƙashin bayana. Itatuwan gawo suka daina zama ɗaiɗai, suka haɗe. Iska ta fizge gyalena ta taga, ban ko waiwaye shi ba. Na ji ina dariya, babanka ma yana dariya, yana kallon hanya yana kallona. Ban taɓa jin raina ya yi sauƙi irin na wannan yammaci ba, kuma har yau in na rufe ido a bakin murhu ina iya komawa can. Don haka da Rabi take ba ni labarin yadda idonka yake haske in kana kallon tsere a waya, ban ji haushi ba. Na san inda ka gado shi.

Washegari muka kamo hanyar gida, kwalta ta ƙare.

Ka san hanyar. Manyan motoci da amalanken shanu sun haƙa layi biyu, sun bar tudu a tsakiya. Cikin motar nan kuwa kusan a ƙasa yake, tafin hannu da kyar yake shiga. Tun daga iyaka take gurzar ciki, kowace gurza sai babanka ya runtse ido kamar fatarsa ake karta. A rairayi tayoyinta suka yi ta juyawa wuri ɗaya suna watsa ƙasa. Mutanen ƙauyuka suka yi ta tura mu. Motar da ta cinye hanyar jiya kamar ba a yi ba, yau sai da rana ta kusa faɗuwa ta shigo Unguwar Lalle, jar ta koma ruwan ƙasa.

Iya ta fito ta zagaye ta da sandarta, ta leƙa ciki, ta ce, "Ina sauran ƙohohin? Can anka baro su?" Babanka ya nuna mata yadda ake kwantar da kujerar gaba a shiga baya. Ta gwada, gwiwoyinta suka ƙi. Ta ce, "Wanga akurki na kaji ne. Mai Littafi, ke kinka zaɓo?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Allah Shi sa albarka," ta koma ɗaki.

Daga nan muka fara zama da ita, kuma zama da abu shi ne sanin sa. Bayanta ba ya cin buhu ko ɗaya, don haka babanka ya ci gaba da jiran motocin mutane, ga shi jarinsa ya tafi. Mai kuwa sai mai tsabta take so, mu kuma na 'yan bumburutu muke samu, a kwalba da jarka, wani da ruwa wani da ƙasa. Ta fara tari tana shaƙewa. Da tayarta ta fashe aka nema a Sabon Birni babu irinta, a Isa babu, a Sakkwato ma sai da aka yi saƙo. Makaniken garinmu mutumin kirki ne, ya buɗe gabanta ya daɗe yana kallo, ya rufe, ya ce shi dai yana tsoron ya taɓa ya ƙara ɓatawa. Yawancin kwanakinta a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida ta yi su, lulluɓe da tsofaffin tabarmi, kaji suna shiga inuwarta.

Rabi ta ce hujjarka ita ce taka za ta yi aiki biyu, tsere da hidima. Kai ka fi ni sanin inji, ba za ni yi gardama da kai a kansa ba. Amma na ji kawunka da bakinsa yana faɗa wa babanka cewa motar da ta yi tsere ranar Asabar, taya da birki take dawowa tana nema, wani lokaci har da abin da ya fi su. Ya ce don ta kama ƙasa a kwana ake ƙara sauke ta, a taurara ƙafafunta. Duk abin da aka yi mata don ta ji daɗin fili, shi ne zai sa ta wahala a hanyar gida. To ranar Litinin da wace za ka fita? Kuma me ya rage da za a sayar a sayi tayar, in gona ta riga ta tafi?

Kuskurena na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne shiru. Na ga babanka yana ramewa. Na ga yana fita da asuba ya tsaya bakin hanya da buhunansa, ga mota a ƙofar gida. Kalma ɗaya ce, in ce a sayar. Amma mata suna zuwa har daga unguwannin nesa su ga motar amarya, suna shafa ta, suna cewa na yi dace. Na kasa rabuwa da wannan. Shi kuma ya ƙi furtawa don yana ganin raina yana kanta. Muka zauna a ɗaki ɗaya kowa yana tsare wa ɗan'uwansa abin da yake cutar mu duka. In ka ga abu ya fi ƙarfinka a can, ka faɗa wa kawunka tun da wuri. Waɗanda za su taru su yi maka tafi a bakin fili ba su ne za su tura ka ba.

Sai damina ta zo, kana cikin shekara ta uku. Zazzaɓi ya kama ka. Da hantsi jikinka ya yi zafi kamar garwashi, kafin azahar ka fara sanƙarewa, idanunka suka kakkafe. Babanka ya yaye tabarmin da ke kan motar, Allah Ya sa ta tashi. Ni na fara shiga baya, aka mayar da kujera, Iya ta zauna gaba tana rungume da kai, don a gaban mutane ita ce mai ɗaukar ka. Muka nufi asibiti a Sabon Birni. A raina na ce yau ga ranarta, yau gudunta zai yi mana amfani.

An yi ruwa kwana biyu kafin nan, layukan hanya sun ƙara zurfi. Babanka ya ga wani wuri kamar shimfiɗaɗɗe, ya waiwayi fuskarka, ya taka. Ba mu yi nisa ba muka ji wata ƙara daga ƙasa, motar ta yi tsalle ta zauna. Dutse ne a cikin tudun tsakiya, ya fasa tukunyar baƙin mai. Injin ya mutu. Babanka ya fita ya durƙusa, ya ga man yana malala cikin laka, ya ɗora hannu a ka.

Ni ina baya, babu ƙofa. Ba na iya fita sai Iya ta sauka an kwantar da kujera, Iya kuma gwiwoyinta sun riƙe, ga ka a hannunta. Ina kallon ƙafafunka suna karkarwa ta tsakanin kujeru, hannuna bai kai ba. Ta taga na ga wani tsoho da jakinsa ya zo ya wuce mu, a hankali, da ɗaurin ciyawa. Babu motar da ta kai tamu gudu a duk ƙasar nan, kuma jaki ya wuce mu.

Wani ɗan kabu-kabu ya ɓullo daga wajen gari. Babanka ya tare shi, ya ciccibo Iya waje. Iya ta dubi babur ta ce, "Ba ni iyawa." Ban san lokacin da na fito ba. Na fizge ka daga hannunta, na haye bayan babur, na manna ka a ƙirjina. Mutanen da suka fito daga gonaki suna tsaye suna kallo. Kuma tun daga wurin har ƙofar asibiti ina kiran sunanka, sunanka na yanka, da ƙarfi, ina cewa ka tsaya, kada ka tafi. Ban taɓa kiran sa ba kafin ranar, ban sake ba bayanta.

Allah Ya tashi kafaɗunka. Da muka dawo gida mata suka yi ta tsegumi a bakin rijiya, wai na kira sunan ɗan fari a bainar jama'a, wai littafi ya cire mini kunya. Iya ce ta kashe maganar. Ta ce, "Wadda duk ba ta ga abin da tag gani ba, ta kama bakinta." Sa'an nan ta karɓe ka ta mayar ɗakinta, ni kuma na koma satar kallo.

Ran nan da yamma na ce wa babanka a sayar. Ya ce, "Tun yaushe nike jiran wagga magana." Shanu ne suka jawo ta zuwa bakin kwalta, aka ɗora ta a bayan babbar mota. Wani mutumin birni ya saye ta da abin da bai kai ya mayar da jari ba. Ina tsaye a zaure har ta ɓace, kuma don in gaya maka gaskiya, na yi kuka. Ina jin haushinta, ina kuma kewarta.

Abin da ya biyo baya ka san shi, ko da ba ka san dalili ba. Babanka ya shiga yi wa wani attajiri aiki a hanyar Agadas, yana yin watanni bai zo ba. Kana tambayar Iya ina baba, tana ce maka ya kusa. Ka fara tafiya makaranta ba ya nan, ka sauke izu na farko ba ya nan. Ni kuma in na ji ƙarar mota daga nesa sai in tsaya da daka in saurara. Shekarun ƙuruciyarmu da ya kamata mu yi tare, a jira na yi su. A duk wannan lokaci abin da muka ci daga gonar Kamarawa ya fito. Gero da dawar da ake kawowa a amalanke bayan kaka, su suka riƙe gidan nan har babanka ya tara ya sayi tsohuwar a-kori-kurar da kake jin kunyar a gan ka a ciki. Tana hayaƙi, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, amma tun da ta zo yake kwana a gida.

Sauran abu biyu kafin amsa. Na san a can in ana biki samari suna wasan mota a tsakiyar titi, suna juya ta tana ƙara, mutane sun kewaye. Kada ka shiga, ko an roƙe ka, ko amaryar 'yar'uwar abokinka ce. Cikin masu kallon akwai ɗan wata uwa. Na biyu, ka san hanyarmu yanzu ba kamar da ba ce. Mutum yana son ya wuce ba a lura da shi ba, jar mota mai ruri kuwa tun daga nesa take sanar da kanta.

To ga amsata. Ba za a sayar da gonar Kamarawa ba. Babanka ya bar maganar a hannuna, na kuma yanke. Za a ci gaba da noma ta da sunanka, rabonka yana rumbu.

Ban hana ka tsere ba. Da na hana, da na yi munafunci. Kawunka yana da motocin da ake kawo masa don wannan aiki, ka yi haƙuri ka koya a ƙarƙashinsa har ya yarda ya ba ka sitiyari. Ka yi a filin da aka tanada, da hular kwano a kanka, ka ɗaure jikinka, ka yi bisimilla kafin ka taka. In ka gama ka bar ta a can, inda take da amfani. In za ka zo gida ka shigo motar haya, ka hau kabu-kabu daga Sabon Birni, ko kan buhunan babanka. Babu wanda zai duba abin da ya kawo ka. Ni dai ina bakin murhu, fuskarka za ni sata in kalla.

In kuma wata rana Allah Ya buɗa maka da guminka, har ka iya riƙe ta hidima daban, ta gudu daban, to ina da roƙo ɗaya, kada ka faɗa wa Rabi ta yi mini dariya. Ka aiko a kai ni. Ka sa ni a kujerar gaba, ka nemi miƙaƙƙiyar kwalta wadda babu kowa, ka taka sau ɗaya. Za ni ɗaure gyalena da kyau a wannan karo.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka gaishe da kawunka da iyalinsa. In ka kira babanka a waya, ka ɗaga murya kaɗan, ina kusa ina ji.

Allah Ya kiyaye ka a hanya da fili, Ya tsare ka daga ƙarfe da wuta da mugun aboki. Allah Ya sa duk inda ka fita da ƙafarka ka dawo da ita. Ya yi maka albarka, Ya maido mini da kai lafiya.

Na daɗe riƙe da biro a kan wannan layi. Babu kowa a tsakar gida, takarda kuma ba ta kai tsegumi bakin rijiya.

Lawali, ka dawo.

Innarka.